Gadar Yamai da bakin ɗalibbai



Wataƙila a garinku akwai yaro ɗaya ko biyu da sunka gama lakwal, sunka ci jarrabawar bak, sunka tafi jami'a. In sun zo hutu kuna jin bakinsu. Su ce gwamnati ta yi kaza, minista bai yi kaza ba. Tsofaffi su girgiza kai, su ce yaran nan ba su da kunya. To, ina iyakar maganar ɗalibi? Wa ya aza iyakar? Mi ke faruwa in ya ƙetare ta? Tarihin da za mu karanta yau ke nan. Ka karanta sannu sannu. In ka gama, ka karanta ma maƙwabcinka wanda bai iya ba tukuna.

Jami'a ita ce makarantar ƙoli. Can a ke koyon aikin likita, da na alƙali, da na malamin gona, da na mushen da zai koyar da ɗiyanka. Jami'ar da mu ke magana ta gwamnati ce. Gwamnati ta gina ta, ita ke biyan malamai albashi, ita ke ba ɗalibbai kuɗin bursi, da abinci, da wurin kwana. Saboda haka mai mulki ya kan ce a ranshi: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi mishi aski. Na ciyar da kai, sai ka riƙe bakinka.

Amma fa aikin jami'a tambaya ne. Malamin gona in ya auna irin hatsin da anka raba ma manoma, ya ga ba shi da kyau, dole ya faɗi. Likita in ya ga sanƙarau ya shigo gari, dole ya faɗi, ko da mai mulkin jihar ba ya son a ji. Makarantar da ba a yin tambaya cikinta, rijiya ce ba guga. Kuma kuɗin da a ke cewa na gwamnati, daga ina su ke? Daga harajinka, da gyaɗarka, da dabbobinka, da iraniyom na Arlit. Ka ga ke nan kai ma kana da hannu cikin wagga magana.

Rigimar ta girmi ƙasarmu. A shekarar 1229, a birnin Paris na Faransa, dogaran sarauta sunka kashe wasu ɗalibbai bayan wani faɗa da ya tashi a gidan giya. Malamai da ɗalibbai sunka aje karatu, da yawa sunka bar garin. Shekara 2 ana haka. A 1231 Paparoma ya rubuta takarda, ya ba jami'ar ikon tsara al'amurranta da kanta. Daga irin wagga takarda anka samu wata al'ada a ƙasashen da sunka gaji tsarin Faransa: ɗan sanda ko soja ba ya shiga cikin jami'a sai shugabanta ya kira shi. Jami'a ta zama kamar zauren malami, wanda dogari ke tuɓe takalmi kafin ya shiga. Mu ma mun gaji al'adar. Amma gado daban, riƙon gado daban.

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, ba mu da jami'a. Wanda ya ci bak sai ya tafi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. A shekarar ne ƴan makaranta sunka kafa ƙungiyarsu, wadda a ke kira USN. Ta haɗa ƴan koleji da ƴan lise da ɗalibban da ke waje. Ka riƙe sunanta, za mu yi ta gamuwa da ita.

Zamanin shugaba Jori Hamani jam'iyya ɗaya ce, RDA. Tun 1959 anka hana Sawaba ta Jibo Bakari. Rediyo na gwamnati, jarida ta gwamnati, majalisa duk ƴan jam'iyya ɗaya. In kana da ƙorafi sai ka faɗa ma matarka cikin ɗaki, da murya ƙasa ƙasa. Ƴan makaranta ne kaɗai sunka rage masu ƙungiya da ƙarfin hali. Dalili a fili ya ke: ba su da albashin da za a yanke, ba su da iyalin da za su ji ma tsoro, kuma wuri ɗaya su ke kwana, wuri ɗaya su ke cin abinci. Magana ba ta wuyar yawo tsakaninsu. A watan Janairu na 1972 shugaban Faransa Pampidu ya kawo ziyara Yamai. Ƴan makaranta sunka nuna fushinsu, har anka jefe shi da tumatir. A ƙarshen 1973, ana tsakiyar fari da yunwa, sunka shiga yajin karatu mai tsawo. Cikin abin da su ke faɗi har da zancen taimakon abinci da ba ya kai ga talakawa. Manoma sun san haka tun kafin su, amma ba su da inda za su faɗi.

A cikin shekarun nan anka haifi jami'armu. An fara ta a 1971, ta zama cikakkar Jami'ar Yamai a 1973. Yanzu ka lura da wurin da anka gina mafi yawanta. Birnin Yamai, da fadar shugaban ƙasa, da gidajen ministoci, da babbar kasuwa, duk suna gefe ɗaya na kogin Isa. Jami'a tana ɗaya gefen, a unguwar da Zabarmawa ke ce ma Harobanda, watau bayan ruwa. A wancan lokaci tsakaninsu gada ɗaya ce tak, gadar Kenedi, wadda anka buɗe a 1970 da taimakon Amurka. Ɗalibin da ke son maganarshi ta kai kunnen masu mulki, sai ya bi ta kan gadar. Wanda ya tare bakin gada da mota biyu da ƴan sanda, ya rufe bakin jami'a duka.

Ran 15 ga Afrilu 1974 soja sunka kifar da Jori, Seyni Kunce ya hau mulki. Da farko ƴan makaranta sun yi murna, don an saki fursunonin siyasa, an kuma sallami sojan Faransa. Murnar ba ta daɗe ba. Kunce mutum ne mai son aiki da tsari, ya cika rumbunan ƙasa, mutane da yawa na tuna shi da alheri saboda haka. Amma ba ya son gardama ko kaɗan. Babu jam'iyya, babu majalisa, kuma ƴan leƙen asiri sun cika gari. Dattawan da sunka ga zamanin za su gaya maka yadda mutum ke waiwaye kafin ya ambaci sunan shugaban ƙasa.

Cikin jami'a kuwa ana magana. Ɗalibbai na yin babban taro, kowa ya tashi ya faɗi nashi. Da dare su buga takardu da keken rubutu, ba sa hannu, da safe a tsince su a ƙofar lise ko a tasha. Gwamnati ta sha hana ƙungiyarsu, su kuma su ci gaba a ɓoye. Ba a rubuta dokar ko'ina ba, amma kowa ya gane ta: ku yi surutunku bayan ruwa, kada ya ƙetaro. Wani lokaci ma ko bayan ruwan ba a bari. A watan Mayu na 1983 yajin karatu ya tashi, soja sunka shiga jami'a, sunka kwashi ɗalibbai masu yawa zuwa barikin Tondibiya. Ɗaya daga cikinsu, Amadu Bubakar, bai komo da rai ba. Filin da ɗalibbai ke taruwa cikin jami'a sunanshi ya ke ɗauke da shi, suna ce mishi filin A.B.

Bari mu ɗan tsaya kan wani mutum, don ya shafe mu mu ƴan yaƙi da jahilci. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, babban masani ne kan ƙarfin hasken rana. Ya yi aiki a Mali shekaru kafin ya komo gida, kuma daga 1979 ya shugabanci jami'ar Yamai na ƴan shekaru. Tun 1964 ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka, inda ya nuna ya kamata a koyar da yara da harsunan iyayensu. A wancan lokaci magana ce mai nauyi, don yaron da ya yi Hausa ko Zabarmanci cikin aji hukunta shi a ke yi. Ga shi yau kana karanta tarihin ƙasarka da Hausa. Ya rasu a 1991, kuma a 1992 anka sa ma jami'ar sunanshi.

Kunce ya rasu a watan Nuwamba na 1987, Ali Saibu ya gaje shi. Ya sassauta igiya, ya saki ƴan siyasar da ke tsare, mutane sunka ɗan sha iska. Amma a 1989 ya kafa jam'iyya ɗaya, MNSD, anka yi zaɓe shi kaɗai ne ɗan takara. A lokacin kuɗin iraniyom sun faɗi, bashi ya yi ma ƙasa yawa. Bankin Duniya ya ce zai ba da rance, amma da sharaɗi. Cikin sharuɗɗan akwai wani shiri kan makarantu, wanda anka sa ma suna Ilimi na 3. Shirin ya ce a rage kuɗin da a ke kashewa kan bursi da manyan makarantu, a maida ƙarfi ga lakwal ta firamare. A birane kuma a raba aji biyu, wasu yara su zo da safe, wasu da marece, malami ɗaya. Ban da haka, ɗalibbai sun ga ƙofar aikin gwamnati na rufewa, alhali a da kowa ya gama jami'a aiki na jiran shi.

A nan sai mu yi adalci. Maganar bankin ba duka ce banza ba. Abin da a ke kashewa kan ɗalibi ɗaya na jami'a zai koyar da yaran ƙauye da yawa, kuma a lokacin mafi yawan ɗiyan Nijar ba su taɓa shiga aji ba. Mu da ke koyar da manya baƙi da wasali a ƙarƙashin rumfa mun san zafin wanga. Su ma ɗalibbai suna da hujja: mafi yawansu ɗiyan talakawa ne, in an cire bursi sai ɗan mai kuɗi kaɗai zai zama likita. Kuma ƙasar da ba ta da malamai, wa zai koyar a firamaren? Magana ce da ta cancanci a zauna, a baje ta a faifai, manomi ma a tambaye shi. To, ina za a zauna? Majalisa ta jam'iyya ɗaya ce. Muryar Sahel ba ta sa muryar mai gardama. Jaridar Sahel ba ta buga takardarshi. Duk ƙofofi a rufe, sai gada.

Ran Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, da safe, ɗalibbai sunka fito daga jami'a cikin jerin gwano. Niyyarsu su ƙetara, su kai kukansu ga hukuma cikin gari. Ba su ɗauke da bindiga. Jami'an tsaro sunka tare su a bakin gada. Anka harba barkonon tsohuwa, daga baya anka harba harsashi. Ka tuna gada ce: ruwa a dama, ruwa a hagu, mutane a baya suna turowa. Ɗalibbai 3 sunka mutu: Aliyo Nahanci, da Isaka Kaina, da Abdu Mamman Sagiru. Wasu da yawa sunka ji rauni.

Masu harbin sun zaci za a yi tsit kamar 1983. Ba haka ta faru ba. A 1983 an yi abin cikin bariki, bayan katanga. Wanga karo an yi shi da rana tsaka, gaban masu kai kaya kasuwa da masunta da ma'aikata masu zuwa aiki. Kafin la'asar labari ya gama Yamai, kafin kwana biyu ya kai Dosso, da Tawa, da Maraɗi, da Damagaram. Kowane ɗalibi ɗan wani gari ne, kowane yana da uwa. Ran 16 ga wata, Juma'ar da ta biyo, ƙungiyar ƙwadago ta USTN da jama'ar gari sunka fito kan titi da yawan da ba a saba gani ba. Tsoro ya karye. A watan Mayu jaridar Haske ta fito, jarida mai zaman kanta, tana buga abin da ta gwamnati ba ta bugawa. Ma'aikata sunka yi ta yajin aiki. Ran 15 ga Nuwamba 1990 Ali Saibu ya yarda a kafa jam'iyyu da yawa.

Kada mu ce ɗalibbai kaɗai sunka yi wanga aiki. Iska ce ta taso ko'ina. Kwana 2 bayan harbin gada anka saki Mandela a Afirka ta Kudu. Cikin watan nan maƙwabtanmu na Benin sunka yi babban taron ƙasa. Baitulmali kuma ba kuɗi, albashi na makara. Itace ya riga ya bushe, ran 9 ga Fabrairu anka ƙyasta ashana.

Namu taron ƙasa ya buɗe ran 29 ga Yuli 1991, ya rufe ran 3 ga Nuwamba. Wakilai wajen 1200 sunka zauna a Yamai. Wa anka zaɓa ya shugabance shi? Malamin jami'a, masanin tarihi, Andire Salifu ɗan Damagaram. USN, wadda jiya a ke farautar shugabanninta, ta samu kujeru, ana ƙirga muryarta kamar ta gwamnati. Anka kafa kwamitin binciken laifuffuka, manyan hafsoshi da ministoci sunka tsaya suna amsa tambaya, rediyo na watsawa, mutane na saurare a gindin itace. Maganar da a ke yi bayan ruwa ta shiga kowane gida.

Amma ko a nan ba kowa ya samu baki ba. Lokacin shirya taron, mace ɗaya tak anka sa cikin kwamiti. Sai da mata sunka yi nasu jerin gwano ran 13 ga Mayu 1991 kafin a ƙara musu kujeru, shi ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar. Muhawara kuma da Faransanci anka yi ta. Manoma da makiyaya, su ne mafi yawan ƴan ƙasa, amma ƴan boko sunka yi magana da sunansu.

Tsarin mulkin da anka amince da shi a watan Disamba na 1992 ya rubuta ƴancin faɗin ra'ayi da na taro. Sai ka ce rigima ta ƙare. Ina! Bursi ya yi ta makara wata da watanni, yajin karatu ya yi yawa, har akwai shekarun da anka soke gaba ɗaya, kowa ya maimaita aji. Dokar ƙasa ta ce in za ku yi jerin gwano ku sanar da hukuma. Hukuma kuwa in ba ta so, sai ta ce akwai barazana ga zaman lafiya, ta hana. Da wagga kalma ɗaya an hana taro da yawa. Ran 10 ga Afrilu 2017 ɗalibbai sunka fito kan zancen bursi da halin karatu, jami'an tsaro sunka shiga har cikin jami'a, ɗalibi Mala Bagale ya rasa ranshi, anka rufe wurin kwanan ɗalibbai na wani lokaci. Shekara 27 ke nan bayan gadar Kenedi.

Akwai kuma wata iyaka da ba a cika faɗi ba, ita ce wadda ɗalibbai ke aza ma junansu. In ƙungiya ta ce yaji, wanda ke son shiga aji ba ya iyawa. In ka tashi cikin babban taro ka ce ba ka yarda ba, sai a yi maka ihu, a ce an saye ka. Ƙungiyar tana da ƴan tsaronta, ana ce musu CASO, masu tsara layin abinci da na mota, kuma an sha kuka da hannunsu. A 2018 malamai sunka ce ƴan tsaron nan sun ci mutuncin wani malami, sunka aje aiki makonni, jami'a ta kori shugabannin ɗalibbai 5. A ganina, wanda ya sha barkonon tsohuwa don a bar shi ya yi magana, bai kamata ya ɗauki sanda ya hana ɗan uwanshi ba. Zagi da duka da ƙona taya a hanyar asibiti ba ra'ayi ba ne, kuma talakan da anka fasa ma tebur a bakin titi ba shi ya riƙe bursi ba.

Su ma malamai an taɓa nasu. Shekaru da dama, jama'ar jami'a ke zaɓen shugabanta da ƙuri'a. A 2019 majalisa ta yi doka, gwamnati ce za ta naɗa shi. Gwamnati ta ce don a samu tsari, shekarar karatu ta daina rikicewa. Ƙungiyar malamai ta SNECS ta yi ta yaji, ba ta yi nasara ba. Ka tuna al'adar da munka faɗi da farko: ɗan sanda ba ya shiga sai shugaban jami'a ya kira shi. To, in wanda ya aiko ɗan sandan shi ne ya naɗa shugaban, wa zai ce a'a?

Yau jami'a ta matso kusa da kai. A 2010 anka kafa ta Maraɗi, da ta Damagaram, da ta Tawa. A 2014 anka ƙara ta Agadas, da Diffa, da Dosso, da Tillaberi. Ta Damagaram tana ɗauke da sunan Andire Salifu, ta Tawa da na Jibo Hamani, shi ma masanin tarihi, ta Maraɗi kuma da na Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. A Yamai an ƙara gada ta biyu a 2011, ta uku a 2021. Wurin da ke bakin tsohuwar gadar, wajen gari, ana ce mishi Dandalin Shahidai. Shekara da shekaru, in 9 ga Fabrairu ta zagayo, ƴan USN kan fito a Yamai da sauran garuruwa, su kira sunayen nan uku ɗaya bayan ɗaya, su nemi a kai waɗanda sunka ba da umurnin harbi gaban alƙali.